Jirgin Da Inna Ta Wanke Ba Ta Taɓa Ganinsa Ba

Ranar wata Talata ce, a makon da aka fara yankan gero, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. An tashe mu daga makaranta, na tuɓe rigar makaranta na rataye a jikin darni, na ɗauki kwanon tuwon Baba a ka na nufi bakin gulbi kamar kullum. Tun daga kan gangare na san akwai abin da ya faru, domin ranar kasuwa ce amma jirginmu yana ɗaure babu kowa a ciki. Mutane sun yi cirko-cirko da kwandunansu da kajinsu suna jiran tsohon kwalekwalen Mamman Dogo, wanda ba ya cin mutum goma sai an yi ta kwalfar ruwa da ƙoƙo. Baba kuwa yana tsaye cikin ruwa iya gwiwa, ya naɗe wando, hannunsa cike da yashi yana dirzar gefen jirgi, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ina sauke kwano na ji Gwaggo Tumba mai daddawa ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ummaru, ni dai ba ni shiga jirgin ga. Ga shi nan ya ɗauki ruɓewa, mai ido duk ya gani." Baba bai ɗago kai ba. Ni kuwa kunya da haushi suka kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kebbe, a bakin gulbi, kuma duk mai son ƙetarewa da damina ya kama hanyar Fakku sai ya bi ta hannun mahaifina. Fito gadonmu ne. Kakana ya yi, Baba ya tashi a ciki, kuma dukansu da jirgin katako suka yi shi, wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace, a toshe ɓarakarsa da tsumma da kwalta. A shekarar da ruwa ya ci gonakin fadama ne hukuma ta aiko wa garinmu da wani sabon jirgi a bayan babbar mota. Ba na manta ranar da aka sauke shi. Fari ne tas, ga santsi, ga sheƙi, mu yara muna leƙa fuskokinmu a jikinsa muna dariya. Aka ce sunansa jirgin faiba, ba katako ba ne ba kuma ƙarfe ba, kuma wai injinsa na nan tafe. Injin dai har yau yana hanya. Maigari ya tara dattawa a ƙofar fada, aka damƙa jirgin a hannun Baba a matsayin amanar gari, shi kuma ya karɓa da hannu biyu ya ci gaba da tuƙa shi da gora da filafili kamar yadda ya iya.

Damina guda jirgin ya yi a cikin jan ruwan gulbinmu, sai ga wani layi ya fito ya zagaye shi kaf, daidai inda ruwa ke tsayawa. Da fari rawaya-rawaya ne, daga baya ya koma ja mai duhu irin na haƙoran mai cin goro. Yara suka ce jirgi ya yi ɗamara, manya kuwa ba su ɗauki abin da wasa ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mutanenmu katako suka sani, a jikin katako kuma duk inda ka ga duhu ya kama a bakin ruwa, to, nan ne ruɓewa ke farawa. Akwai gidajen da suka taɓa rasa mutanensu a gulbin nan saboda ruɓaɓɓen kwalekwale, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ma Baba abin da ya sani ya yi wa jirgin. Ya dirje shi da yashi da toka kamar yadda ake kankare gansakuka daga jikin katako, ya shafe shi da man kaɗe. Layin ya ɗan dushe, aka yi murna, bayan 'yan kwanaki ya dawo ya fi da duhu, wurin da aka dirza kuma ya yi kaushi, sheƙinsa ya mutu. Daga nan magana ta fara yawo a majalisu cewa Ummaru ya kashe jirgin jama'a. A ranar Talatar nan ne ɗan aiken Maigari ya zo bakin gulbi ya ce dattawa za su sauko su duba jirgin bayan sallar Juma'a ta makon gaba, in ya tabbata ya lalace a hannunsa za a karɓe a ba wani.

Baba mutum ne mai shiru da riƙon mutunci, irin wanda zai gwammace ya kwana da yunwa da a ce ya ci amana. Da yamman nan ya shigo gida ya zauna a ƙofar ɗakinsa, tuwon da na kai masa ya dawo yadda ya tafi. Inna tana bakin murhu tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ita kuwa Inna, tun da aka kawo ta daga Fakku tana amarya, ba ta fita sai da babban dalili, kamar sauran matan aure na unguwarmu. Duniyarta ita ce tsakar gidan nan: turmi a gindin dalbejiya, rumbu biyu, akurkin kaji, randunan ruwa a jere, da ɗakinta. Ɗakin nan kuwa ya yi suna a gari. Kwanonin jerenta na aure, da tasoshin tagulla da ta gada wurin kakata, duk suna walƙiya kamar jiya aka sayo su, har matan unguwa in za su aurar da ɗiya sukan aiko mata da tsofaffin kwanoni ta farfaɗo musu da su. Ni dai a lokacin wannan suna bai burge ni ba, domin ni ake sa wa goge-gogen, sa'annan ƙawayena suna waje suna carafke da gaɗa ina jiyo tafinsu. Farin jirgin da duk gari ke magana a kansa, Inna ba ta taɓa sa shi a ido ba.

Washegari da sassafe, ina surfen gero kafin in tafi makaranta, ta zo ta tsuguna kusa da turmi ta fara yi mini tambayoyi ƙasa-ƙasa. "Kulu, abin ga da ad jikin jirgi, kore na ko ja na? In kin shafa da yatsa, santsi garai ko kaushi?" Na faɗa mata iya abin da na gani, ta ce bai isa ba. Ta ce in na kai tuwo in sa farce in kankara in ga ko wani abu zai biyo farcen, in danna da babban yatsa in ji ko wurin zai lotsa, sannan in ƙwanƙwasa sama da layin in ƙwanƙwasa kan layin, "kamar yadda nika yi ma tukunya in za ni saye." Haka na yi da rana, na faki idon Baba ina ƙwanƙwasa jirgi ina kara kunne kamar mai neman aljanu, har wani mai jiran fito ya tambaye ni ko lafiya. Na dawo na ce mata ƙara ɗaya ce sama da ƙasa, ba ya lotsawa, ba abin da ke biyo farce. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wata farar fanteka da ake zuba wa kaji ruwa a da, ta nuna mini cikinta. Ga layin nan ja ya zagaye ta, sak irin na jirgi. Ta ce, "Wanga ba ruɓewa ta ba, sawun ruwa na." Na tuna yadda zuciyata ta yi sanyi, don ban taɓa jin Inna ta faɗi abin da ba ta tabbatar ba.

Maganinta tsamiya ne, wadda da ita take wanke tagulla da fararen kwanoni. Ta jiƙa curi guda a ruwan zafi, ta murje ta tace da rariya, ta matsa lemun tsami, ta zuba mini a gwangwanin madara ta toshe da leda. Sai dai ba ta yarda a tunkari Baba da maganar ba. Mutumin da ya gaji gulbi tun kakanni, gari kuma na yi masa kallon wanda ya kasa, ba ranar da za a ce masa ga dabara daga madafa ba ce. Ta ce in bari sai ya hau tudu yin sallar azahar, in zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannuna a gefen da ke inuwa, in jiƙa tsumma in manna a kai, kada in goga, in bar shi har ya idar ya gama lazimi. Na yi yadda ta ce. Da na ɗaga tsumman na share da gefen zanena, sai ga wurin ya washe, jan ya koma rawaya mai haske. Na sake mannawa ina addu'ar Allah ya sa lazimin Baba ya yi tsawo. Kafin ya sauko, ɗamarar jirgi ta yanke a wuri ɗaya, fari ya leƙo. Baba ya zo ya tsaya a kan wurin ya daɗe. Ya shafa da yatsa, ya kai hanci ya sansana, ya dube ni, ni kuma na duƙufa ina ta wanke kwanon da na riga na wanke.

Da magariba ya ci tuwonsa tas har ya suɗe kwano, ya wanke hannu, sannan ya yi gyaran murya yana kallon rumbu, kamar da rumbun yake magana: "Tsamiyag ga, da saura?" Inna tana kwashe wuta ta ce, "Da saura, Malam." Iyakar maganar da na ji sun yi a kan lamarin ke nan, kuma har yau in na tuna ta sai na yi murmushi.

Sauran da take nufi shi ne tanadinta na azumi. Tsamiya sai rani take nuna, a ƙarshen damina kuwa abin da mace ta adana a tukunya shi ke gare ta, ga shi watan azumi ya ƙarato, kuma a gidanmu ba a shan ruwa sai da kunun tsamiya. Inna ta juye tukunyar nan kaf a cikin kwalla ba ta rage ko curi ba. Duk da haka ta auna da ido, ta tambaye ni tsawon jirgin daga gindin dalbejiya zuwa ina zai kai, ta ce ba za ta isa ba. Sai ta leƙa ta kan darni ta yi magana da maƙwabciyarmu, ita kuma ta yi da ta gaba da ita. Kafin la'asar yara suka fara sallama, wannan da curi a leda, wancan a ƙoƙo, kowa da saƙon uwarsa na a gaishe da Inna. Abin da ya fi ba ni mamaki, har jikar Gwaggo Tumba ta zo da nata, tare da saƙon cewa ita dai ba ta yarda ba tukuna, amma ga shi a gwada. Tsakar gidanmu ta cika da ƙamshin tsami, haƙorana har suna mutuwa don ɗanɗane. Inna ta dama ɗan garin rogo a ciki ya yi kauri kamar koko, don kada ya zurare daga jikin jirgi kafin ya ci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Baba ya samu samarin unguwa suka jawo jirgin tudu zuwa inuwar wata ɗorawa, suka jingine shi a kan gefe ɗaya. Inna tana gida amma ita ke tuƙa aikin, ni ce bakinta da idonta, ina zirga-zirga tsakanin gida da gulbi da kwalla a ka har tafin ƙafata ya yi zafi. Ta ce a fara wanke shi da sabulun salo da tsumma mai laushi a cire man kaɗen nan da laka, a bar shi ya sha iska. Ta ce a shafa tsamiya da sanyin safiya, don in rana ta busar da ita aikin banza aka yi, a rufe da jiƙaƙƙun tsummoki, a ba ta lokaci kamar na dafuwar wake, sannan a share a ɗauraye da ruwa mai yawa. Abin da ta fi nanatawa shi ne kada yashi ya ƙara taɓa jirgin nan, don shi ya kakkarce fatarsa har ruwa ya sami wurin maƙalewa. "Abu mai ƙyalli ba a yi mishi ƙarfi," in ji ta, "lallashinai aka yi." Inda Baba ya dirza shi ya fi ba mu wuya, sai da aka maimaita aka kuma maimaitawa. Na ga mahaifina, mai hannu kamar icce saboda gora, yana shafa tsumma a hankali kamar mai yi wa jariri wanka, in ya yi shakka kuma sai ya ce da ni, ba tare da ya kalle ni ba, in je in tambayo. Da layin ya fita, Inna ta narkar da kakin zuma da ɗan mai ta aiko, aka shafe wurin siriri aka murza har ya ɗauko haske, don ya toshe ƙananan karcen.

Ranar Juma'a aka mayar da jirgi ruwa. Bayan an sauko daga masallaci Maigari ya gangaro da dattawa, jama'a na biye, ni kuma na maƙale a gindin ɗorawa da kwanon tuwo don kada a kore ni. Jirgin na lilo a kan ruwa, fari daga kai har gindi, sai ɗan dishi-dishi a inda yashi ya ci. Dattawa suka zagaya, wani ya danna, wani ya ƙwanƙwasa da sandarsa, Mamman Dogo da kansa ya shiga ya yi tsalle a ciki ya fito ya ce lafiya lau yake. Maigari ya juyo ya ce, "Ummaru, mi kas sa mishi?" A garinmu namiji ba ya ambaton matarsa a cikin taro, kuma da Baba ya ce dabararsa ce ba mai musa masa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ɓata shi niy yi da yashi. Gyaran daga cikin gida anka yi shi." Maigari ya yi dariya ya ce to Allah shi yi wa cikin gida albarka, jirgi kuma yana nan inda yake. Ban taɓa jin alfahari da iyayena kamar na ranar ba, da gudu na isa gida har na manta kwanon a bakin gulbi. Inna tana tankaɗe ta saurare ni har na gama haki, ta ce alhamdu lillahi, sannan ta tambaye ni ina kwano.

Azumin shekarar da koko muka sha ruwa, mu da rabin unguwa, ban kuwa ji wanda ya yi ƙorafi ba. Bayan salla Inna ta shirya zuwa ganin gida Fakku, ta ce in raka ta. Muka gangaro da hantsi, tana lulluɓe da mayafi, ina riƙe da ƙunshin tsaraba. Da ta hango jirgin sai ta rage tafiya. Ta zo ta dafa gefensa, ta bi shi da tafin hannu a hankali tun daga baya har gaba, yadda take bin tasa in ta gama gogewa. Ina jiran in ji ta yaba, sai ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin zoben ƙarfen da ake ɗaura igiya, inda tsatsa ta zubo ta yi ɗan jan tabo, ta ce, "Kulu, nan wa yaw wanke? Kun bar wuri." Baba yana riƙe da gora yana kallon ƙetare, amma na ga gemunsa na motsi. Dokarsa ce tun ta kakana, jirgi ba ya tashi sai ya cika, ko da hakimi ne a ciki. Ranar nan ga mutane suna gangarowa da kaya suna ɗaga masa hannu, ya jawo jirgin har kan yashi don kada ƙafarta ta jiƙe, ta shiga ta zauna a tsakiya, ya ce da masu zuwa su yi haƙuri yanzu zai dawo, ya tura. Mu uku kaɗai muka ƙetare gulbin har muka kai gaci.

Daga shekarar wankin jirgi ya zama al'ada, duk ƙarshen damina mata su aiko da tsamiya ba sai an roƙa ba, kuma duk shekara in na dawo gida da kwalla sai Inna ta tambaye ni ƙarƙashin zobe. Mukan wanke, tsatsa ta sake zubowa. Yanzu ina aure a Tambuwal, ina koyarwa, kuma a kantin bakin titi akwai ruwan wanki kala-kala a kwalba, masu warin da ke sa hawaye, waɗanda ke cinye tabo kafin ka ƙifta ido. 'Ya'yana in kwanon roba ya dafe sai su ce a yar a sayi wani. Inna ta rasu, Baba ya bi ta ba da daɗewa ba, masu babura sun sami wata hanya ta zagaye, fito ya ja baya. Da na je gida bara na tarar da jirgin a kife a gindin ɗorawar nan, awaki na hawa suna sauka, jar ɗamararsa ta dawo ta yi kauri. Ba ni da ƙarfin wanke shi duka, ba kuma wanda zai shiga ko na wanke. Amma zoben yana nan, tabonsa na kallon sama. Na aiki wata yarinya ta sayo mini tsamiya, na jiƙa a gwangwani, na manna tsumma, na zauna a kan saiwar ɗorawa ina jira kamar na dafuwar wake, ina kuka a hankali ba tare da na damu da masu wucewa ba. Da na ɗaga tsumman wurin ya yi fari. Inna ba ta son a bar wuri.